Gaisuwa a Bakin Injin Rake

Ni mutum ne mai mantuwa, matata ce shaida, don sau tari sai na kai bakin titi take aiko min da hulata. Amma abin da ya faru a wurin matsar rake na ƙauyenmu, shekarar da aka dawo da inji bakin hanya, ba zan manta da shi ba har ranar da za a ɗauke ni. Yanzu ma da nake wannan rubutu ƙanshin ruwan rake a kan wuta nake ji, ga shi kuwa a tsakiyar Kano nake zaune, babu rake babu dalilinsa. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni ban ce ban ji daɗin bana ba, amma bara da Babanmu a cikinta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gwarzo da Kabo, a gefen wata fadama da rake ke yi sosai. Da an gama kaka, dawa ta shiga rumbu, sai hankalin kowa ya koma kan mazarƙwaila. Gidaje ne da dama suka haɗu suka sayi inji ɗaya, suka ɗora wani Alhaji a kan shugabancin aikin. Injin yana jan bel, bel ɗin yana juya wasu ƙarafa masu nauyi da ke murƙushe rake, ruwan ya gangara cikin duro, a kwashe a dafa a manyan kasake har ya yi kauri, sannan a zuzzuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Tuƙar da ta fito ta baya a shanya ta, ita ce itacen gobe. Aikin da ya fi kowanne haɗari shi ne na mai tura rake cikin bakin ƙarafan nan, domin su ba su san bambancin rake da hannu ba. Mai wannan aiki a wurinmu, shekara da shekaru, mijin Yayata ne.

Mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya, ko goro ba ya ci. Tsakanina da shi kuwa wasa ne irin na mutum da ƙanen matarsa. Ni in ce masa bawan Yaya, shi ya ce min ɗan kamfani, wai tafin hannuna ya fi na jariri laushi. A lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Kano, kuma ina cikin waɗanda ake turawa su binciki haɗari in ya faru. A can, ko guduma ce ta faɗo kusa da ƙafar mutum ba ta same shi ba, sai mun je mun tsaya a wurin mun tambayi yadda aka yi. In na ba shi wannan labari dariya yake yi, ya ce mutanen birni ba su da aikin yi.

Wata ranar Litinin Yaya ta kira ni a waya. Ko gaisawar kirki ba mu yi ba ta fashe da kuka. Inji ya kama mijinta. Ya fara da hannun riga, ya ja har ya taɓa kan yatsu biyu, Allah ya sa mai kula da inji yana kusa, ya doke bel da itace ya faɗo. An kai shi asibiti a Gwarzo an ɗaure, yatsun suna nan, sai dai ɗaya ba zai ƙara lanƙwasawa ba. Na ce to ai sai godiya, abin ya zo da sauƙi. Ta ce ba shi ne ya sa ta kuka ba. Ashe wannan ba shi ne na farko ba a kakar. Inji ya taɓa yage masa hannun riga, rake kuma ya taɓa fizgewa ya doke shi a haƙarƙari, duk aka ce Allah ya kiyaye, aka yi sadakar waina aka wuce. Yanzu da jini ya fita sai magana ta tashi a gari cewa ƙwaya yake sha. Alhaji ya ce ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a cire shi daga bakin inji.

"Ba aikin nake ji ba," in ji ta. "Sunan nake ji. In aka cire shi a kan wannan magana, ɗan ƙwaya ya zama ke nan har 'ya'yansa. Kai da aikinka ke nan, ka zo ka duba mana."

Ni kuma zuciya gare ni, Allah ya sani. Jin an ce masa ɗan ƙwaya sai da na miƙe tsaye a tsakiyar ofis. Washegari na nemi izini na hau mota.

Na fara zuwa wurinsa. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, hannu a ɗaure, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata. Na ce bawan Yaya, garin yaya ka ba inji hannu, ko ka ɗauka shi ma gaisawa yake? Da wasa na faɗa, amma bai yi dariya ba, sai ya kawar da kai. Na tambaye shi yadda aka yi, ya ce tsautsayi ne, shi kuwa ba ya wuce ranarsa. Na ce na yarda, amma tsautsayin ta wace ƙofa ya shigo? Ya ce bai sani ba. Na juya tambayar ta nan, na juya ta can, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Har na ce masa, kai, ana ce maka ɗan ƙwaya fa. Ya ce su faɗa, Allah ya san gaskiya. Na tashi a fusace, ina cewa a raina wannan irin haƙuri ai cuta ne.

Daga nan na gangara wurin inji. Abin da na fara lura da shi, ba a inda na san shi yake ba. Da can cikin fadama yake, bayan wasu itatuwan mangwaro, sai ka yi niyya za ka je. A shekarar ne Alhaji ya sa aka dawo da shi bakin hanyar da ta fito daga gari, don motocin da ke zuwa ɗaukar kaya su daina kafewa a laka. Dabara ce mai kyau, kowa ya yaba. Na duba bel, lafiya lau. Na duba ƙarafan, na duba ƙasar da mai turawa ke tsayawa ko da santsi, babu. Abin da ban so ba, babu wani shinge ko katako tsakanin hannu da ƙarfe, amma haka yake tun fil azal, kuma a haka mutumin nan ya yi shekaru ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Tambayar mutanenmu a kan haɗari aiki ne. Kana buɗe baki za a ce maka Allah ya riga ya kiyaye, tone-tonen me kake yi, ko so kake ka nuna ba ka gode ba? Alhaji da kansa ya ce min, "Kai yaro, nan ba kamfani ba ne. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, wanda hankalinsa ba ya jikinsa a matsar da shi kawai." Na haɗiye abin da ya zo min baki, don sa'an Baba ne. Na roƙe shi ya bar ni in yi hira da mutane kafin Juma'a, ya ce in je in yi ta yi.

Ranar Laraba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, don a taro kowa bakin Alhaji yake kallo. Ban tambayi kowa laifin wane ne ba. Cewa nake, kana ina a lokacin, me kake yi, me ka gani, wa da wa ke wurin? Mai kula da inji ya ce da hantsi ne, yana duba mai, sai ya ji ƙarar inji ta canja. Mai hura wuta ya ce shi hayaƙi ya tare masa ido, amma in tambayi Malam, wato Babanmu, ai a gabansa aka yi. Wata tsohuwa mai koko da ƙosai a gefen hanya ta ce ita ma ba ta gani ba, amma Malam yana tsaye a wurin. Na tambaye ta ranar da riga ta yage fa? Ta yi ɗan tunani ta ce ranar ma da hantsi ne, don ta tuna Malam ne ya ce a yi sadaka. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Murna ma na yi, na ce ashe babban shaida a gidanmu yake.

Bari in gaya muku wane ne Baba. Manomi ne, ya yi karatu daidai gwargwado, in liman ba ya nan shi ke ba da salla. A lokacin ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, sai dai ya ga inuwar mutum ya gane shi da murya. Ya daina noma, amma kullum da hantsi sai ya ɗauki sandarsa ya gangara fadama ya dubo garkarsa. Duba garka suna ne kawai, gaisuwa ke fitar da shi. Ban taɓa ganin mutumin da ke jin daɗin gaisawa da mutane kamarsa ba. Ba ya yi a tafe, tsayawa yake, ya dogara sanda, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mai jikin da ka manta ka taɓa gaya masa ba shi da lafiya. In baƙo ne daga Kutama ko Madadi sai ya tambayi dattawan garin ɗaya-ɗaya, har waɗanda suka daɗe da rasuwa, a gaya masa, ya yi musu addu'a. Muna yara haushin tafiya da shi muke ji, don ba a isa da wuri. Yau da za a ce in tsaya a rana yini guda ina jiransa ya gama gaisawa, da gudu zan je.

Na same shi a zaure na ce Baba, an ce a gabanka abin ya faru. Ya ce ƙwarai. Ya ce shi bai ga komai ba, ka san idon, ya dai tsaya suna gaisawa, yana tambayarsa yara, sai ya ji salati ya tashi. Ya yi ta yi masa addu'a, ya ce maganar ƙwaya ƙarya ce, yaron nan ya san shi ciki da bai. Ba ya kiran sunansa, don sunan mahaifin Baba gare shi, wanda shi ma Malam ake ce masa, sai dai ya ce mai sunan Malam. Yana sonsa so na gaske. Na fito daga zauren da wani abu yana yi min yawo a rai, amma na ƙi tsayawa in dube shi.

Washegari da hantsi na koma wurin inji na zauna a kan tulin tuƙa. Wani ne daban ke tura rake. Mijin Yaya ma ya zo, don zaman gida ya ishe shi, yana tsaye can gefe da hannunsa a rataye. Can sai ga Baba ya ɓullo da sandarsa. Ya gaisa da mai koko, ya gaisa da masu wuta, ya ɗaga murya ya gaida mai turawa, shi kuma ya amsa da ƙarfi ko juyowa bai yi ba. Sai Baba ya ce, "Mai sunan Malam yana nan kuwa?"

Kafin ya rufe baki mijin Yaya ya kai ƙasa. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya kawar da fuska gefe, yadda suruki ke yi a gaban uban matarsa. Ba tunani ya yi ba, jikinsa ne ya yi. Haka ya zauna har Baba ya gama tambayar hannu, da kwana, da yara, da sanyi. Na sha ganin wannan durƙuso tun ranar da ya auri Yaya, ban taɓa ganinsa da idon da na gan shi a ranar ba.

Da aka kashe inji don cin abinci, na je na tsaya daidai inda mai turawa ke tsayawa. Na ɗauki rake na sa a bakin ƙarafan, na riƙe da hannun dama. Sannan na durƙusa, na kawar da kai wajen hanya, ban saki raken ba, domin na san ba a saki. In ƙarafa suka juya babu rake, Alhaji zai yi faɗa a kan man da ke ƙonewa a banza. Ina durƙusawa kafaɗata ta matsa gaba, hannun rigata ya kwanta a kan ƙarfe, idona kuma yana kallon ƙasa. Na daɗe a haka ban tashi ba. Mai hura wuta ya tambaye ni ko cikina ke ciwo.

Na ja mijin Yaya bayan mangwaro na ce masa na gane. Ya ce ka gane me? Na ce Baba ne ke gaishe ka, ka durƙusa da rake a hannu. Da inji yana cikin fadama Baba ba ya bi ta wurin, shi ya sa ba ka taɓa samun matsala ba sai bana. Ya dube ni, karo na farko da na ga ɓacin rai a fuskarsa.

"Kul," ya ce. "Kada in ji wannan magana a bakin kowa."

Na ce to sai a ce maka ɗan ƙwaya?

"Gara a ce min ɗan ƙwaya sau dubu da a ce surukina ne ya sa inji ya kama ni. Mutumin da ya ba ni 'yarsa, yake tsayawa a rana don ya gaishe ni? Da wane ido zan dube shi? In ka faɗa, ni da kai shi ke nan."

Na ce kai fa ba kai kaɗai ba ne, akwai Yaya, akwai yara. Kuma in an cire ka, wanda zai gaje ka shi ba shi da suruki ne, ko ba shi da kawu? Ban yi masa alkawari ba, shi ma bai ƙara roƙona ba, ya juya ya tafi.

A kamfani in na gano dalilin haɗari daɗi nake ji, har tafiyata canjawa take. Ranar kuwa ji na yi kamar na ɗauko dakon dutse. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, na yini ina zagaya zauren Baba na kasa shiga. Ga Juma'a gobe. In na yi shiru, an kashe sunan mutumin kirki. In na yi magana, zan gaya wa tsoho cewa abin da ya fi so a duniya shi ne ya kusa cire wa mijin 'yarsa hannu.

Bayan la'asar na shiga. Yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Na gaishe shi, na zauna nesa kaɗan. Na rasa ta inda zan fara, sai na koma irin tambayoyin da na saba. Na ce Baba, ranar da rigarsa ta yage, kana wurin? Ya ce yana wurin. Na ce ranar da rake ya doke shi fa? Ya ce ranar ma. Na ce duk kuna cikin gaisawa? Carbin ya tsaya a hannunsa. Ina jin kukan akuya a bayan gida, ina jin ana daka a maƙwabta, shi kuwa ya zuba wa ƙofar zaure idanun nan nasa da ba sa gani sosai.

"Durƙusawa yake yi," ya ce a hankali. "Da raken a hannunsa?"

Na ce da shi, Baba.

"Ni ne ke nan."

Na yi sauri na ce ba kai ba ne, Baba. Inda aka ajiye injin ne, da rashin shinge, da gaisuwar.

"Gaisuwar ƙafa gare ta? Ita ta kai kanta?"

Ya tambaye ni ko mai sunan Malam ya sani, na ce ya sani tun farko, shi ya sa ya ƙi magana, ya zaɓi a zage shi. Nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba, hawaye ya gangaro cikin gemun Baba. Bai share ba. Ya ce in tashi in je, zai yi alwala.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka taru a inuwar masallaci, masu inji da dattawa da 'yan kallo. Mijin Yaya yana can baya a rakuɓe. Na shirya maganata tsaf, har na yi niyyar in ɗora komai a kan wurin da aka ajiye inji, in kauce wa sunan Baba in zai yiwu. Alhaji ya fara bayani, ya ce ba don ƙiyayya ba, don tsare rai ne. Bai kai ƙarshe ba Baba ya dogara sanda ya miƙe, ya ce a ba shi dama.

Bai yi doguwar magana ba. Ya ce yaron nan ba ya shan komai, abin da ya same shi ladabi ne ya jawo masa, kuma shi ne ya yi ta miƙa shi ga inji da bakinsa bai sani ba. Ya faɗi yadda abin yake, ranar riga, da ranar haƙarƙari, da ranar yatsu. Ya ce Allah ya yi mana gargaɗi har sau biyu, muka soya waina muka rufe maganar. Sannan ya juya wajen da yake zaton surukinsa yake, ya ce, "Mai sunan Malam, ka yafe min."

A garinmu ba a taɓa jin uban mata ya nemi gafarar suruki a bainar jama'a ba. Mijin Yaya ya kifa kai a gwiwa. Wani dattijo ne ya amsa a madadinsa, ya ce ya yafe, Malam, ya yafe.

Alhaji, in ba shi haƙƙinsa, bai yi gardama ba. Ya ce shi ma da nasa, shi ya dawo da inji bakin hanya, kuma shi ke faɗa in an saki rake. Amma ya ce to yanzu yaya za a yi, a hana mutane gaisawa ne? Wa zai ga babba ya yi masa sallama ya share? Nan na sa baki na kawo maganar katako a bakin ƙarafa, da zana tsakanin inji da hanya, da barin riga mai faɗin hannu. Aka karɓa. Amma kowa ya san zana ba ta tare murya, kuma suruki in ya ji muryar surukinsa ko ta bayan katanga ce sai ya durƙusa. Baba ne ya warware. Ya tambayi liman, mutum in yana salla ana yi masa magana? Liman ya ce a'a. In an yi masa, bai tanka ba, ya yi rashin kunya? Liman ya ce bai yi ba. Baba ya ce to daga yau a ɗauki wanda ke bakin inji kamar mai salla, kada a gaishe shi, kada ya amsa, har sai an kashe. Ya ce shi zai fara.

Ba a cire mijin Yaya ba. Da hannunsa ya warke ya koma bakin aikinsa, maganar ƙwaya kuma ta mutu a ranar, har waɗanda suka yaɗa ta suna cewa su da ma ba su yarda ba. Ni kam ya yi wata da watanni ba ya yi min wasa. Gaisuwa kawai, sai ka ce baƙo. Sai wata salla da na je gida, ina cin tuwo, ya dubi hannuna ya ce har yanzu dai ɗan kamfani bai yi kanta ba. Yaya ta yi dariya har da hawaye.

Kafin in koma Kano a wancan zuwan, na sake zama a kan tulin tuƙa da hantsi. Ga Baba ya taho. Ya gaisa da mai koko kamar kullum. Da ya zo daidai inji sai ya rage tafiya, na ga ya buɗe baki, ya rufe. Ya ɗan tsaya yana fuskantar inda ƙarar take, leɓɓansa suna motsi, na san addu'a yake yi. Sannan ya sunkuyar da kai ya wuce, shi kaɗai, sandarsa tana taɓa ƙasa. Na san daidai aka yi. Amma wallahi ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, kuma har yau in na rufe ido bayansa nake gani yana gangarawa fadama.

Damina kaɗan ya ƙara a duniya. Mijin Yaya ne ya shiga kabari ya karɓe shi, da hannayensa biyu. Yanzu in ka je wurinmu lokacin mazarƙwaila za ka ga samari suna wuce mai tura rake ba su ce masa uffan ba, ko da ubansu ne, kuma da yawansu ba su san daga ina abin ya samo asali ba. In sun tambaye ni nakan ce wani tsoho ne ya kawo shi, wanda ya fi kowa son gaisuwa a ƙasar nan.

Abin da na koya, in Allah ya kiyaye ka daga haɗari, godiya ba ta ƙarewa a sadaka, sai ka koma ka duba ta inda ya kiyaye ka, don gargaɗi ne aka yi maka. Kuma ka fara da tambayar yadda aka yi kafin ka nemi wanda ya yi, domin da wanda ya yi aka bi, da an hukunta mutumin da ba shi da laifi sai kunya. Sau da yawa abin da ke kai hannu bakin ƙarfe ba mugunta ba ne, ba kuma sakaci ba, wani abin kirki ne da aka yi a inda bai dace ba. Irin wannan shi ya fi wuyar ganowa, ya kuma fi wuyar bari. Na ga mutumin da ya bar nasa a yini ɗaya don hannun wani ya tsira, kuma ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Baba.